Sunan Wancan a Kan Takarda

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a shagon Manu, nan bakin tashar Matameye, ya san doka ɗaya: abin da ke cikin takardar naka ne, amma kanta na Manu ne. Faɗi duk abin da kake so a rubuta, zai rubuta bai ce uffan ba. Da an zo layin nan na can sama, wanda shi yake kira antet, sai ka ja baya ka kama bakinka. Zai dube ka sama da ƙasa, ya dubi sunan, ya yi ɗan tsaki ko ya gyaɗa kai, sannan ya zaɓi girman harafin da ya ga ya dace da kai. Gardama ba ta da amfani. An taɓa yin wani ɗan kasuwa, sabon dawowa daga Makka, da ya dage sai an cika masa rabin shafi da Alhajinsa. Manu ya kashe injin ya ce wuta ta ɗauke, alhali ga fanka tana juyawa a kansu.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne kusa da Dawce. Babbar yunwar nan ta da ta same shi yana ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko, sai ubansa ya kawo shi Matameye wajen wani ɗan'uwa da ke aikin shara a ofishin hukuma, don dai a rage baki ɗaya a gida. A nan ya fara ganin keken rubutu, kuma tun ran da ya gan shi bai sake samun sukuni ba. Manu mutum ne mai bin ƙwaƙƙwafi. In ya ga abu yana aiki, barci ba ya yi masa daɗi sai ya san abin da ke tura shi daga ciki. Ya koyi bugu da kallo, daga baya aka ɗauke shi aikin, ya yi shekaru yana buga takardun hukuma a zamanin sojojin farko.

Abu ɗaya ne ya yi ta ci masa tuwo a ƙwarya duk tsawon shekarun nan. Keken rubutu bai san babba ba, bai san yaro ba. Sunan kwamanda da sunan mai kiwon awaki duk tsawonsu ɗaya a takarda. Iyakar abin da za ka iya shi ne ka sa manyan baƙaƙe, ka ja layi a ƙasa. A ganin Manu wannan rashin tarbiyya ne irin na ƙarfe.

Da aka rage ma'aikata ya tashi ba aiki, sai ya sayar da ɗan bijiminsa ya sayo tsohuwar kwamfuta daga Damagaram, da injin fitar da takarda mai tari kamar tsohon jaki. Yana cikin latse-latsensa ya ci karo da wani ɗan akwati a saman allon, da lamba a ciki. Ya taɓa. Lambar ta canza, sai ga sunan da ya rubuta ya kumbura a gabansa. Ya sake taɓawa, ya motse. Ran nan sai da Bawa mai shayi, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa, ya leƙo ya ce masa an fa idar da la'asar. Manu ya tashi yana salati, amma ko a cikin salla lambobin nan ne ke yi masa yawo a ka.

Daga nan ya tsara duniya yadda ya daɗe yana ganin ya kamata ta kasance. Bisimilla ce a sama da kowa. Sunan ƙasa na biye da ita. Ango yana samun rabo mai kyau, amma ba ya wuce waliyyinsa. Ƙungiyar mata masu adashe ta fi ƙungiyar samari masu ƙwallo, ko da samarin sun fi surutu. Mamaci kuwa yakan ƙara masa a kan masu rai, yana cewa shi kaɗai ne za a girmama bai yi girman kai ba. Mutane suna ƙorafi, suna kuma dawowa, don takardar da ta fito daga hannun Manu ko wanda bai iya karatu ba in ya riƙe ta ya san ina ne kai, ina ne ƙafa.

Shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki a Yamai, daminar da ta gabata ta riga ta yi gardama. Gero ya bushe a tsaye, rumbuna suka ƙare tun kafin zafi ya kankama, mata suka koma tsinkar ganye a daji. Aikin aure da suna ya ja baya a shagon, sai takardun neman agaji na ƙauyuka. Dole kowace a sa mata sunan sabuwar majalisar sojoji a ka, sunan kuwa dogo ne, ba ya shiga layi ɗaya. Manu ya gwada nan, ya gwada can, daga ƙarshe ya rage shi har ya shiga.

Bawa ya leƙa allon ya riƙe baki. "Kai, Manu! Sojan ka rage? Wallahi ran da aka zo ɗaukarka ban san ka ba."

"Ni ban rage kowa ba," in ji Manu. "Su suka zaɓi sunan da ya fi ƙarfin takarda. In sun zo sai su faɗa mini ta ina za a sa shi."

Mutumin da bai ji tsoron rage sunan soja ba, akwai sunan da ko a mafarki ba ya iya ɗaga shi. Muntaka ɗansa ne na fari, ɗan fari kuwa ba a nuna an damu da shi. Haka Manu ya tarar ana yi, haka ubansa ya yi masa, shi ma ya riƙe abin da hannu biyu har ya fi ubansa. Ran sunan yaron barin gidan ya yi ya wuni a kasuwa. Tun daga ranar sunan bai taɓa fita daga bakinsa ba. "Wancan" yake cewa. In wani Muntaka ya zo shago, shi kuma ya zama "mai sunan wancan". Ko magana ba ya yi masa kai tsaye. Lokacin da Muntaka ya girma yana zama a shagon, Manu bango yake kallo ya ce, "Mai son ya sani, nan ake taɓawa in ana son harafi ya yi kauri." Da haka Muntaka ya koyi aikin kaf, ya kuma san hannun ubansa a takarda kamar yadda ya san tafiyarsa. Matar Manu, Balki, ita ma ba ta kiran sunan. Amma fa kada wannan ya ruɗi kowa. Manu yana son ɗan nan so mai tsanani, har wani lokaci abin yakan ba shi haushi.

Shago ɗaya ba ya riƙe magidanta biyu a shekara irin wannan. Muntaka ya bi sauran maza zuwa cin rani a Kano tun ba a gama kaɗe ɗan abin da gona ta bayar ba. Da farko yakan bugo salula, ya yi magana da ƙannensa, su kuma su isar. Yana tura baro a kasuwa, yana lafiya, a gaida mutanen gida. Ana nan sai layin ya daina shiga. Aka ce ko caji ne, aka ce ko sata aka yi masa. Zafi ya wuce, hadari ya haɗu, ruwan shuka ya sauka. Motoci suka riƙa sauke 'yan cin rani a tasha, a gaban idon Manu, kowa da ɗan buhunsa da sabuwar rediyonsa. Shi kuwa yana zaune yana bugu, wai ba ya kallo, amma ba motar da ta tsaya bai ƙare wa mutanen cikinta kallo ta wutsiyar ido ba. Wancan bai sauka ba.

Tambaya ma gagarar sa ta yi. Yaya uba zai tare mutum a tasha ya ce ina ɗana na fari? Sai dai ya ce, "Mutanen namu duk suna lafiya can?" A ce masa lafiya lau, a wuce. Tsoro ya shige shi sosai, abinci ya daina wuce masa.

Lawali, direban motar haya da ke zirga-zirgar Kano, shi ya kawo shawara. "Baba Manu, ga inji a gabanka. Ka buga cigiya mana, in bi tashoshi da bakin kasuwanni in manna. Ko shi bai gani ba, wanda ya san shi zai gani."

Hoto babu, don guda ɗayan da ake da shi yana jikin katin shaidar da Muntaka ya tafi da shi. Suna ne kaɗai zai yi aikin. Manu ya jira shagon ya yi shiru, ya zauna. Ya rubuta CIGIYA a sama, ya ba ta girma daidai gwargwado. Ya sauko ya rubuta sunan. Rubutawar ba ta ba shi wuya ba, yatsu ba su da kunya. Da ya zo ɗan akwatin lambar ne hannunsa ya tsaya. Ya hau zuwa ashirin, ya duba, ya ga sunan yana kallonsa. Sai ya ji takun Bawa a waje. Nan da nan ya gangaro da shi goma, girman da yake ba ƙananan bayanan da ke gindin takarda. A ƙasa kuma bai ce ubansa ke nema ba. Ya sa a tuntuɓi Lawali direba, da lambarsa.

Lawali ya karɓa, ya juya takardar, ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Da ya dawo daga Kano ne ya kasa haƙuri.

"Baba Manu, don Allah kada ka ji haushina. Ka san bangon tashar can? Ga masu maganin gargajiya, ga masu wa'azi, ga 'yan siyasarsu kowanne da fuska kamar faifai. Takardarmu ni da na manna ta da hannuna, sai da na kai hancina bango kafin na gane ta."

"Mai nema zai gani," in ji Manu.

"Ai ba shi ke nema ba, Baba. Mu ke nema."

Manu ya ce yana da aiki. Lawali ya fita yana girgiza kai.

Shuka ta fito, aka shiga noman farko. Wata rana da hantsi sai ga Balki a ƙofar shagon. Tun da aka buɗe shi ba ta taɓa taka wurin ba, har Bawa ya miƙe tsaye don mamaki. Ta yi sallama, ta shiga, ta tsuguna a gefe. Ba ta yi lakwal ba, baƙin boko ko ɗaya ba ta sani ba.

"Malam, nuna mini takardar da aka kai."

Ya zaro ɗaya ya miƙa mata.

"Ina ne wurin?"

Ya gane abin da take nufi. Ya nuna mata da bakin makulli, yana kallon wani wajen. Balki ta daɗe tana duba 'yan baƙaƙen nan. Sai ta ɗora ɗan yatsanta a kai, sunan ya ɓace gaba ɗaya a ƙarƙashinsa.

"Ashe yatsa ɗaya ya isa ya rufe shi," ta ce. "Na ga wadda ka yi wa mai maganin basir, tana nan manne a bakin kasuwa. Tafin hannuna bai rufe ta ba."

"Ke, wannan talla ce. Kowane abu da matsayinsa."

"Na sani. Ni ma ban taɓa kiransa ba, kuma ni na haife shi. Na yi kara iyakar yi, ba wadda za ta nuna mini yatsa a garin nan. Amma Malam, kunyar wa muke ji yanzu? Waɗanda muke jin kunyar tasu, nasu 'ya'yan sun dawo, suna gona."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ajiye takardar a kan tebur, ta gyara mayafinta, ta tafi.

Manu yana nan zaune har injin ya gaji allon ya yi duhu. Ya motsa shi, ya buɗe cigiyar, ya shafa sunan ya yi baƙi. Ya hau ashirin, bai tsaya ba. Ya wuce girman ango, ya wuce na mamaci, ya wuce na ƙasa. A saba'in da biyu jerin lambobin ya ƙare. Nan halinsa ya motsa, duk da abin da ke cin zuciyarsa: shin nan ne iyakar injin, ko nan ne iyakar abin da masu shi suka zaci mutum zai buƙata? Ya goge lambar ya rubuta tasa da hannu. Injin ya karɓa. Shekara da shekaru yana kan wannan aiki bai taɓa sanin haka ba, don bai taɓa samun sunan da ya kai shi nan ba. Sunan ya fashe ya zubo layi biyu, sai ya kwantar da takardar a kaikaice, ya ƙara, ya rage kaɗan, har baƙin farko ya taɓa wannan gefe, na ƙarshe ya taɓa wancan. Kalmar cigiya da lambar Lawali suka matse a ƙasa.

Injin yana tari yana fitarwa Bawa ya shigo da shayi. Ya karanta da ƙarfi tun daga ƙofa, don ba yadda za a yi ido ya kauce masa. Tsokana ta zo masa har leɓe. Da ya dubi fuskar Manu sai ya haɗiye ta, ya ajiye kofin, ya koma wajen tukunyarsa.

Lawali kuwa bai tsaya kan bangon Kano ba. Ya manna ɗaya a gilashin bayan motarsa, ya rarraba wa sauran direbobi. Sunan da Manu ya yi shekaru yana ɓoyo ya riƙa yawo a tsakiyar Matameye, ya bi ta gaban masallaci, ya bi ta kasuwa. Magana ta tashi. Tsofaffi suka ce Manu ya zubar da kara, yau ga uba yana shelar ɗan fari kamar mai tallar gishiri. Wasu suka ce injin Nasara ne ya cinye masa kunya. Duk ya ji, kuma ya ji zafinsu, don a ransa yana ganin suna da gaskiya. Ya rage zaman majalisa, in an idar da salla shi ne farkon fita.

Ranar wata kasuwa, shagon cike, Manu yana fama da shugaban wata ƙungiyar masu amalanke da ke son sunansa ya fi na ƙungiyar girma. Wata babbar mota ta tsaya a tasha. Wani ramamme ya diro daga bayanta, ba buhu, ba jaka, idanunsa sun kumbura sun yi ja. Ya sunkuyar da kai ya nufi hanyar gida, yana kauce wa kallon shagon. Sai muryar Manu ta fito ta taga.

"Na ce maka sha shida, sha shida za ka samu. In ba ka so ga hanya nan."

Ramammen nan ya tsaya cak. Ya juyo a hankali, ya zo ƙofar, ya dafa ta. Ya zube a tsugune, ya fashe da kuka irin wanda babban mutum ba ya yi a gaban jama'a.

"Baba? Baba, kai ne?"

Manu ya gan shi. Ya riƙe gefen tebur. Amma sabo ya riga shi magana. Ya juya wajen Bawa, wanda ya taho a guje.

"Bawa, tambayi wancan me ya same shi yake wa mutane kuka kamar an yi mutuwa."

"Ai na ɗauka an yi," in ji Muntaka.

Ya share fuska da hannun riga, ya yi bayani yana shessheƙa. Ciwo ne ya kwantar da shi, ya sayar da salular ya sayi magani, da ya tashi kuma ba shi da abin da zai riƙo ya dawo. Cigiyar farko ya gan ta, wani ɗan garin Kance ne ya ɓamɓaro ya kai masa.

"Ina ganinta na ce wannan hannun Baba ne. Na ce alhamdu lillahi, yana nan lafiya, bari in ƙara nema kada in koma hannu rabbana a wannan shekara. Shekaranjiya ina tura baro, sai na hango ta biyun daga tsallaken titi. Wallahi Baba, barin baron na yi a wurin. Na ce in dai Baba yana numfashi ba zai rubuta sunana haka ba. Wani ne ya hau injin. Lambar Lawali tana jiki, amma na kasa bugawa, ba na son in ji a waya. Tun daga Kano nake maka addu'ar samun rahama."

Wani ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya daina. Manu ya ji maganar ta soke shi har ƙashi. Ya yi duk abin da aka ce uba na gari yana yi, bai kauce ko sau ɗaya ba, ga kuma inda abin ya kai su: ya fi wa ɗansa sauƙi ya yarda ubansa ya mutu da ya yarda ubansa ne ya neme shi da babbar murya.

Bawa ya gyara tsayuwa, yana jiran saƙon da za a ba shi ya isar. Manu bai dube shi ba. Ya juyar da kujerarsa har ta fuskanci ƙofa, ya sa idonsa cikin idon ɗansa, a gaban mai amalanke da duk wanda ke wurin.

"Ni na buga ta," ya ce. "Ba wanda ya hau injin nan. Ni na buga, kuma da takardar ta fi haka faɗi, da na ƙara."